Farfesar da Na Samo a Bangaladash

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofis a Samaru, a gidan suna a Zabi, har a layin 'yan tumatir na kasuwar Sabon Gari, tambayar ɗaya ce: "Dakta, yaya Bangaladash?" In ce lafiya lau, a ce ai ba haka ake ba da labari ba. To ga shi na zauna na rubuta. Daga yau duk wadda ta sake tare ni, waya zan ɗauko in tura mata.

Ga abin da ya kai ni. Akwai wata ƙungiya a can mai kula da matan da suka je aikatau ƙasashen Larabawa suka dawo. Tana koya musu ɗinki, ta ba kowace keke. Turawan da ke ɗaukar nauyin aikin suna son bare ya je ya duba, ya rubuto musu ko a ci gaba ko a rufe. Na taɓa yin irin wannan aikin a kan matanmu da aka kwaso daga Libiya, shi ya sa sunana ya faɗo. Maigidana, Abban Hanif, ya karanta takardar gayyatar sau biyu, ya ce, "Wato ke da kike ɓata a cikin Tudun Wada, ke za ki je ki nuna wa mutanen wata ƙasa hanya?" Na ce masa ai ƙwarewar ke nan.

An gargaɗe ni cewa damina zan tarar, don haka na shiga Sabon Gari wajen Mama Ngozi neman rigar ruwa. Da ta ji inda za ni, ta ce, "Hajiya, kusa da Indiya ne? To ki gaishe mini da masu rawa." Ta zaɓo mini wata ruwan ɗorawa mai ƙyalli, irin ta masu gyaran titi, ta ce ko ruwa ya tafi da ni za a hango ni.

Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Doha. Jirgi na biyun nan shi ne farkon karatuna. Cike yake da ma'aikata masu komawa gida, kowa da ƙullin bargo da sabon agogo. Na kusa da ni wani siririn mutum ne, birkila, ya ce rabonsa da gida tun matarsa na da ciki, ga shi 'yar har ta shiga makaranta. Da aka raba katin shiga ƙasa ya ga na fito da biro, sai ya miƙo mini nasa da fasfonsa. Na cike masa. Kafin in ɗago, fasfo uku na kan cinyata. Har muka fara sauka rubutu nake, ina jin ana nuna ni daga baya. Ta ƙarshe wata mata ce cikin baƙar abaya da silifas ɗin wanka, kayanta duka leda ɗaya. Da na nuna mata gurbin adireshi, sai ta girgiza kai ta kau da fuska. Na bar gurbin fari.

A filin jirgin Daka wani jami'i ya buɗe akwatina ya ci karo da kwalbar daddawa. Ya buɗe, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Na fara shirya bayani a raina. Sai na ga sun dubi juna suna gyaɗa kai, ɗaya ya ce, "Shutki!" Ya rufe kwalbar a hankali ya mayar mini da hannu biyu. Sai bayan kwana uku aka kawo mini shutkin a tebur, ashe busasshen kifinsu ne. Jama'a, daddawarmu turare ce.

Wanda ya zo tarbata shi ne tafintana, Mista Anwar, dattijo mai gemu ja wur da lalle. Muna fita na ji ya ƙwala kira, "Mama!" Na waiga da sauri, ina mamakin yadda sa'an yayana zai kira ni haka. Ashe ba da ni yake ba, da direba yake, wani ƙato mai gashin baki. A can "mama" kawu ne, kuma haka ake kiran kowane direba da mai shayi. Ni kuwa "Apa" suke ce mini, wato Yaya. Na yi mako guda ina amsa kiran da ba nawa ba.

Game da hanya, duk wanda ya ƙara yi mini ƙorafin cunkoson Kwangila zan ce ya yi istigfari. A hagu suke tuƙi, in an samu wurin tuƙin. Keke Napep ɗinsu kore ne, an yi masa keji na ƙarfe ana kulle fasinja ciki kamar za a kai kaji Kano. Ga kuma keken da mutum ke tuƙawa da ƙafa, ya ɗauki mace da miji da buhun shinkafa. Maza rabin gari ɗaure da zani, suna harkarsu ba ko kunya. Juma'a da Asabar suke hutu, Lahadi kowa na ofis.

Masaukina ɗaki ne a saman ofishin ƙungiyar, mai tsabta, sai dai tawul ba ya bushewa. Abinci shinkafa da rana, shinkafa da dare, da safe in ba ka yi magana ba ita ce. Kifinsu daɗi, amma ƙayarsa kamar an zuba allurai. Kuma ba a tambayar baƙo ko ya ƙoshi. Kina ɗaga kai ki amsa gaisuwa, an ƙara miki ludayi biyu. Na koyi cin abinci hannun hagu na shawagi a kan faranti. A titi kuwa na zama abin kallo. Ba da raini ba, tsayawa kawai za su yi su kewaye ki, sai mai ƙarfin hali ya tambayi ƙasarki, da ko kina da aure, da 'ya'ya nawa, sannan ya ɗauki hoto da ke. Ina jin yanzu akwai hotona a falon mutanen da ban san sunansu ba.

Shugaban ƙungiyar, Mista Kamrul, mutumin kirki ne, kuma tsoro ya cika shi. Ya zagaya da ni, ya nuna mini wani gida da suke sauke matan da suka dawo ba su da inda za su, irin mai silifas ɗin nan ta jirgi. Ya ce, "Apa, duk daga tallafin nan ɗaya muke ciyar da wannan gidan. In alƙalaminki ya yi fushi, ƙofar nan za a rufe."

Rana ta biyar muka tafi wani ƙauye a gundumar Manikganj. Mota ta kai mu bakin ruwa, kwalekwale ya ƙarasa da mu. Wajen sauka na sa ƙafa a laka, ƙafar ta wuce ta bar takalmin, na zauna daɓas cikin rigar Mama Ngozi. Mutanen ƙauyen da suka fito tarbar ƙwararriya daga ƙasar waje suka yi ta maza, ba wanda ya yi dariya sai da na fara.

An tara mata a wata rumfa, kowace zaune bayan kekenta, an goge su suna ƙyalli. Na fito da takardar tambayoyina. Duk wadda na tambaya sai ta ce, "Bhalo." Mista Anwar ya ce, "Ta ce lafiya lau." Har na zo kan wata gajeruwa, kakkaura, bakinta ja da ganyen nan da suke taunawa kamar goro. Sunanta Rokeya. Na tambaye ta yaya sana'a. Matar nan ta yi magana ta kai minti biyar, tana nuna keken, tana nuna sama, tana buga cinya, sauran na rufe baki da gefen mayafi. Ta gama, Mista Anwar ya gyara murya.

"Ta ce tana godiya."

"Duk wannan?"

"Yarenmu yana da tsawo, Apa."

Na rubuta "tana godiya," na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Aka kawo abinci. Cikin shinkafar akwai wani ɗan koren abu da na ɗauka ɗanyen wake ne, na tauna shi gaba ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba: "Ya satir! Harr marra! Moya, moya!" Wato wayyo yaji, a kawo ruwa.

Rokeya ta ajiye lomarta ta ƙura mini ido, ta ce da Larabci, "Ke 'yar aiki ce?"

A nan sai na faɗa muku abin da yawancinku ba ku sani ba, har waɗanda muka yi shekara ashirin tare. A Jidda na yi ƙuruciyata. Gwaggona Asabe ce ta tafi da ni ina shekara bakwai, tana aikatau a gidajen Larabawa, ni ina riƙe mata tsumma. Ina shekara goma sha uku aka kama mu aka dawo da mu. A makaranta a Zariya aka sa mini suna 'yar takari, na sha kuka, daga nan na binne zancen. Ba ya cikin takardun neman aikina. Larabcin da na iya ba na Islamiyya ba ne, na kicin ne, wanda ake ce wa mutum yi sauri, goge nan, kin fasa kofi. Irinsa matan nan suka iya.

Na ce mata, "Gwaggona ce 'yar aiki. Ni 'yar aikin 'yar aiki ce."

Rumfar ta kece da shewa. Wata ta rungume ni da hannun miya. Mista Anwar ya shiga dube-dube, don shi Larabcinsa na salla ne. Na juya na ce masa da Turanci, cikin ladabi, tambayoyin da suka rage sun shafi al'adar wata da jego, ko zai daure ya fassara dalla-dalla? Dattijo ya miƙe tsaye ya ce ya tuna bai yi azahar ba. Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Abin da Rokeya ta faɗa cikin minti biyar ɗin nan shi ne, jiya da yamma aka bi gida gida aka ce a fito da kekuna a goge. Nata talabijin take ɗorawa a kai. Na wata, akuya ake ɗaurewa a ƙafarsa. Ta ce, "Apa, ƙasar da ke ɗinka wa duniya riga, wa zai kawo mini ɗinki? Abin da masana'anta ta zubar ya fi nawa kyau, ya fi nawa araha." Na tambaya su nawa ke shirin komawa Saudiyya. Aka dubi juna, sai hannuwa suka fara tashi, har da na wadda ta nuna mini tabon dutsen guga a damtsenta. Na ce bayan duk abin da kuka gani? Ta ce, "A nan ma muna gani, kuma ba albashi."

Mai yi musu hanyar tafiya "dalal" suke ce masa. Na ce mu ma dillali muke cewa, kuma halinsu ɗaya.

Rokeya ta ja ni gidanta. Sau uku ta je aikatau, ta farko ta dawo da duka, ta biyu daga gidan yari, ta uku da jarin da ta yi wannan rufin kwano. A barandarta na tarar da 'yan mata biyar zaune a tabarma, duk masu shirin tafiya. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ke biyanta. Tana koya musu yadda ake cewa ba ni da lafiya, ba a biya ni ba, ba ni fasfona. Ta sa lambar wayarta cikin waƙa suna rerawa, don in an ƙwace waya ba a ƙwace kai ba. Tana nuna musu yadda ake naɗe layin waya a leda a cusa cikin gashi. Ita take zama uwar gida, ta daka musu tsawa da Larabci, duk wadda ta sunkuyar da kai a sake daga farko.

Na koma Daka da ciwon kai. In rubuta cewa kekuna sun yi amfani, na yi ƙarya, kuma za a sayo wasu. In rubuta gaskiya tsirara, Turawa su rufe komai har da gidan saukar nan. Kuma na san halin rahoto, shafin farko kawai ake karantawa.

Akwai taron rufewa da za a yi a wani otal, wakiliyar Turawan, Madam Karin, za ta zo. Na ce wa Mista Kamrul ina son a ba wata ƙwararriya 'yar ƙasa minti ashirin cikin lokacina. Ya ce wace ce? Na ce Farfesa R. Begum, ta yi bincike mai zurfi a ƙasashen Larabawa. Rabin matan ƙasar Begum ake kiransu, don haka bai kawo komai ba. Ya sa aka buga sunan a takardar shiri, har ya ba da mota mai sanyi a ɗauko ta. Direban kawai na ba adireshi.

Ranar taro ana zaune, ga ruwan roba ga furanni, sai ga Rokeya ta shigo cikin koren sari, tana tauna ganyenta, 'yan matanta biyu na biye. Mista Kamrul ya dube ta, ya dubi takardar shiri, ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina gyaran biro.

Da yarensu ta yi magana, kuma zauren cike yake da masu jin yaren, don haka Mista Anwar ba shi da wurin ɓuya. Ya fassara talabijin, ya fassara akuya, gumi na bin gemunsa. Wani ya yi dariya a baya, sai zauren ya ɗauka. Madam Karin ba ta yi ba. Ta duba takarda ta ce, "Gafara dai, Farfesa a wace jami'a?"

Rokeya ta ƙirga da yatsu: "Riyad. Dammam. Gidan yarin masu jiran a mayar da su gida."

Sannan ta ce Madam ta taso. Baiwar Allah ta taso. Rokeya ta karɓi jakarta ta rungume, ta ce ga fasfonki a hannuna, ni ce uwar gida, karɓa. Ta daka mata tsawar da sai da mai ɗaukar hoto ya ja baya. Madam Karin, mai digiri uku, ta tsaya baki buɗe. Sai ɗaya daga 'yan matan, wata siririya mai suna Shefali wadda jirginta saura mako guda, ta tako ta tsaya gaban Rokeya, ta dube ta ido cikin ido, ta faɗi kalmominta da Larabci ba gargada, ta miƙa hannu. Ba ta sunkuya ba. Rokeya ta ba ta jakar.

Ba wanda ya tafa. Madam Karin ta koma kujera, ta daɗe tana rubutu.

Mista Kamrul ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Ranar da zan taso sai ga shi da kwalin kayan zaƙi, ya ce, "Apa, kin kusa kashe ni." Na ce ai da saura. A mota Mista Anwar ya yi ta shafa gemu, can ya ce, "Ba ƙarya na so yi miki ba. Baƙuwa ce ke, kunya muke ji." Na ce na sani, mu ma haka muke share tsakar gida mu tura shara bayan ƙofa.

Sai bayan wata biyu amsa ta zo. Ba a rufe ba. An daina sayen kekuna, gidan sauka na nan, kuma an ce a buɗe irin ajin Rokeya a wasu ƙauyuka, ita za ta koyar da masu koyarwa. Ta aiko mini da saƙon murya tana ƙorafin an ba ta kujera mai juyawa tana sa ta jiri.

Ban daɗe da dawowa ba mai yi mini kitso, Ladidi, ta zo daga Dogarawa. Bazawara ce mai 'ya'ya uku, shekara takwas tana kama kaina. Tana cikin tsaga sai ta ce, "Anti Dakta, wannan ne fa na ƙarshe. Wani Alhaji ya samo mini biza, Riyad za ni."

Na ce ta saki kan. Na yi mata wa'azi na kusan awa guda, na kawo tabon dutsen guga, na kawo mai silifas. Ta saurara tsaf, ta ce, "Anti, duk na ji. To in na zauna, wa zai riƙe yaran?" Sai na ɗauko waya na kira Manikganj ta bidiyo.

Rokeya ta dubi Ladidi sama da ƙasa ta ce in tambaye ta ko ta ga takardar aikin da idonta. Ba ta gani ba. Ta ce to kar ta taka jirgi sai ta gani, an karanta mata, ta bar hotonta a wajena. Sati uku muna haka kowace Asabar, ina tsakiya ina fassara, rabin kaina a tsefe. Rokeya na tsawa daga cikin waya, Ladidi na mayarwa, har Abban Hanif ya leƙo ya tambaya ko faɗa ake. Lambata aka sa cikin waƙar, Ladidi ta ɗora mata amon waƙar biki.

Ta tafi. Wata guda ban ji ɗuriyarta ba, kullum wayata na hannuna har cikin aji. Ranar Juma'ar da ta wuce, ina cikin cefane a Sabon Gari, baƙuwar lamba ta shigo.

"Anti Dakta, ni ce. Ki faɗa ma Farfesa fasfo na hannuna. Matan gidan ta riƙe, na ce a ba ni, ta yi ihu, ban sunkuya ba. Wai tana tambaya wa ya koya mini taurin kai."

"Me kika ce mata?"

"Na ce a jami'a na koya."

Na tsaya a gaban mai attaruhu ina dariya ina share ido, har ya tambaya ko kayansa ne suka shiga mini.

Wannan shi ne labarin Bangaladash. Tsaraba kuwa ta ƙare tun makon farko, kada wadda ta zo. Amma duk wadda ta san mai kitso mai sauƙin hannu a Hanwa ko Dogarawa ta taimaka ta turo mini ita, don tun tafiyar Ladidi kaina a cikin ɗankwali yake ɓoye.